Maganin Yoyon Lagireto Ba Ya Bambance Huji da Hanya

Daga cikin kayan da suka yawaita a rumfunan masu sayar da kayan gyaran mota, tun daga Ƙofar Ruwa ta Kano zuwa Panteka ta Kaduna, har ma da teburan masu baƙin mai da ke bakin tashoshi, akwai wasu 'yan kwalabe da ƙunshin gari da ake cewa suna tsayar da yoyon ruwan inji ba tare da an kwance ko da noti ɗaya ba. Abin da ake buƙata daga mai mota shi ne ya buɗe murfin lagireto, ya juye abin da ke ciki, ya tayar da inji ya bar shi ya ɗauki zafi, sai ɗigon da ya dame shi ya ɗauke. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube a watannin da suka biyo baya, kuɗin sabon lagireto da na famfon ruwa da na gasket ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka babu laifi a wurin wanda ya karkata ga kwalbar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na gyara. Sau da yawa kuma maganin yana tsayar da yoyon, wanda shi ne ma dalilin da ya sa ya cancanci a yi masa kallon tsanaki, domin hajar da ba ta aiki kasuwa ce ke korar ta da kanta, amma wadda ke aiki yau ta bar ɓarna a ɓoye ita ce ke daɗewa a hannun jama'a.

Hukuncin ba zai yiwu ba sai an san aikin da ruwan ke yi. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona zafi yake zama a jikin ƙarfe, kuma ruwa ne ke kwashe shi: famfo ya tura shi ta ramukan da aka bari a kewayen silinda da cikin kan inji, ya fito da zafinsa ya shiga lagireto, inda yake rarrabuwa cikin siraran bututu masu yawa iska ta hura shi ya huce, sannan ya sake zagayowa. A kan hanyarsa akwai tamostat, wata 'yar ƙofa mai kaki a cikinta, wadda ke zama a rufe har ruwan ya kai digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas, sannan kakin ya narke ya kumbura ya tura ta ta buɗe. Murfin lagireto kuwa, wanda da yawa ke ɗauka marufi ne kawai, shi ke riƙe matsi na kusan kilo ɗaya a kan kowace santimita murabba'i, kuma wannan matsin ne ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Injin zamani an tsara shi ya yi aiki tsakanin digiri 90 da 105, wato dab da inda zallan ruwa ke tafasa in babu matsi. Don haka duk hujin da ya ɓulla asara biyu yake jawowa, ta ruwa da ta matsi, kuma ta biyun ce ta fi saurin kashe inji. A kan tsaunin Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwan da ya rasa matsi yana tafasa tun yana digiri 96.

Magungunan yoyo iri biyu ne a dunƙule. Na farko ɓarɓashi ne da zare-zare da ke yawo cikin ruwa, waɗanda matsi ke turawa duk inda ruwa ke tsere wa, su taru a bakin hujin su cushe shi, kamar yadda ganye da leda ke taruwa a bakin kwalbati da damina har ruwa ya kasa wucewa. Dabarar ta girmi kwalbar, domin tsofaffin direbobi a ƙasashe da dama sun san fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, ko zuba garin masoro, su lallaɓa su isa gari. Kamfanin Bar's Leaks na Amurka, wanda ya fara a 1947, da Holts na Ingila mai Radweld, sun mayar da dabarar sana'a, daga baya kuma irin su K-Seal suka zo da ƙananan zaren tangaran haɗe da ɓarɓashin jan ƙarfe. Ƙwayoyin da kamfanin General Motors ke sayarwa don wannan aiki garin citta ne da niƙaƙƙen ɓawon 'ya'yan itace, abin da zai ba manomin citta na Kachia dariya idan ya ji cewa amfanin gonarsa na iya ƙarewa a cikin injin Cadillac. Zaren citta yana kumbura idan ya jiƙe, ya kama gefen hujin ya zauna.

Iri na biyu shi ne wanda ake tallatawa a matsayin mai gyara ƙonanniyar gasket ta kan inji, kuma yawancinsa an gina shi ne a kan sodiyam silikat, wani sinadari da Turawa ke kira ruwan gilashi, wanda idan ya haɗu da zafin da ya haura digiri 100 ruwan jikinsa ya ƙafe sai ya daskare ya yi tauri kamar gilashi. Manufar ita ce ya daskare a daidai tsagar da wutar silinda ke lasa. Ƙarfin wannan sinadari ya fito fili a 2009, lokacin da gwamnatin Amurka ta yi shirin karɓar tsofaffin motoci masu shan mai daga hannun jama'a, inda ƙa'ida ta ce a tsiyaye baƙin mai a zuba ruwan sodiyam silikat a madadinsa, a bar injin yana gudu har ya cije, don kada wani ya sake amfani da shi. Motoci fiye da 670,000 aka yi wa haka. Adalci ya wajabta a ce a can ma'ajiyar mai aka zuba shi, ba hanyar ruwa ba. Sai dai ƙonanniyar gasket, wadda ake sayen maganin dominta, ita ce kuma ke iya buɗe ƙofa tsakanin hanyar ruwa da ta mai.

Matsalar da ta haɗa nau'o'in biyu ita ce babu ido a cikin kwalba. Ɓarɓashi bai san huji daga hanya ba, abin da ya sani kawai shi ne matsattsen wuri, kuma duk hikimar masu haɗa shi ta tsaya ne a kan zaton cewa hujin ya fi kowace halastacciyar hanya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, zaton yana da madogara: lagireton jan ƙarfe da tagulla ne mai yalwar bututu, mai gyara yana narke dalmar da ta riƙe tankinsa, ya zura siririn ƙarfe ya share kowane bututu, ya mayar ya liƙe, motar ta ci gaba da zirga-zirgarta. Lagireton motar yau kuwa alminiyam ne da aka matse wa tankunan roba a gefe, bututunsa falan-falan ne, sararin cikinsu bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, an yi su haka da gangan domin ƙaramin lagireto ya fitar da zafi mai yawa. Hujin da waɗannan magunguna ke iya rufewa bai kai milimita ɗaya ba, wato tazarar da ke tsakanin abin da ake so ya toshe da abin da ba a so ya toshe ta tsuke ƙwarai, kuma ɗan tsatsa ko gishirin ruwa da ya riga ya kwanta a bututu ya isa ya shafe ta.

Wanda ke shakka ya tsaya a rumfar mai gyaran lagireto lokacin da ya ɓamɓare tankin wanda aka sha ɗura wa magani. Bakunan bututun da ke jere kamar haƙoran matsefi za a tarar wasu sun rufe ruf da wani abu mai launin ƙasa, mai danƙo kamar kunun da ya kwana, wanda idan aka murza tsakanin yatsu sai a ji tsakuwa-tsakuwa. Idan aka tara ruwa ta sama, sai ya fito ta wasu bututun ya ƙi fitowa ta wasu. Irin wannan lagireton ba ya yoyo, kuma a sanyin Disamba ba zai nuna komai ba. Sai watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya haura digiri 40, mota ta cika da mutane da kaya, na'urar sanyi tana aiki, an shiga cunkoso, sannan za a nemi aikin bututun da suka mutu a rasa. Allurar zafi ta motocin yau ma ba ta cika taimakawa ba, domin an tsara ta ta tsaya a tsakiya cikin faɗin digiri masu yawa, wasu motocin kuma fitilar gargaɗi kawai gare su, ta yadda kafin direba ya farga kan injin na alminiyam ya riga ya lanƙwashe.

Lagireto kuma ba shi kaɗai ruwan ke ratsawa ba. Yana bi ta ƙaramin lagireton hita da ke ɓoye a bayan dashbod, wanda bututunsa sun fi na babban ƙanƙanta, kuma a motoci da yawa sai an kwance gaban motar ta ciki gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Masu cewa hita ba ta da amfani a ƙasar zafi sun manta da asubahin hunturu da gilashin da ke yin hazo da damina. Yana bi ta na'urar sanyaya baƙin mai, da cikin turbo, da na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayar wa inji a motocin dizal. A wasu injinan BMW tun tsakiyar shekarun 2000 famfon ruwan na lantarki ne, a wasu injinan Volkswagen kuma an maye gurbin tamostat da bawul mai juyawa wanda kwamfuta ke sarrafawa, sannan motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Toyota Prius suna da wata hanyar ruwa ta daban da ke sanyaya kayan wutarsu. Kowane ɗayan waɗannan ya ninka kwalbar tsada sau da yawa, kuma shi ne garin neman gira a rasa ido.

Masu goyon bayan maganin suna da hujjar da ba ta raini ba, wato cewa masu ƙera motocin da kansu sun yi amfani da shi. General Motors ta daɗe tana sa ƙwayoyin cittar nan a injinan Cadillac na alminiyam tun shekarun 1980, kuma Subaru a Amurka, da yoyon gasket ya addabi injinanta masu lita 2.5 na 1999 zuwa 2002, ta umarci a riƙa zuba wani magani nata a ruwan, ta kuma tsawaita garantin gasket ɗin zuwa shekara 8 ko mil 100,000 ga wanda ya bi umarnin. Akwai ma ma'aunin gwaji na hukumar tsara ma'aunai ta ASTM mai lamba D3147 da aka keɓe domin irin waɗannan magunguna. Abin da wannan ke tabbatarwa shi ne cewa magani sananne, a gwargwadon da aka auna, cikin inji ɗaya da aka gwada shi a kansa, mai tsabtataccen ruwa, yana iya tsayar da tsattsafin da ke fita waje. Bai tabbatar da komai ba game da kwalbar da ba a san mahaɗinta ba, wadda aka juye a motar da ta shekara goma sha biyar a Turai kafin ta sauka a Kwatano, kuma bai halasta kwalba ta biyu da ta uku ba idan ta farko ta gaza. General Motors ɗin ma daga baya ta sanar da makanikanta cewa kada su mayar da ƙwayoyin al'ada a duk canjin ruwa.

Sannan yawancin yoyon da ake fama da shi ba irin wanda ɓarɓashi ke iya riƙewa ba ne. Tiyon roba da ya tsufa yana kumbura yana motsewa da zafi da sanyi, duk abin da ya manne masa zai saki. Kilif da ya yi sako-sako ɗaurewa yake so. Sil ɗin famfon ruwa yana kan sanda mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma ɓarɓashi ƙara cinye shi yake yi. Tankin roba da ya tsage tsagarsa ƙaruwa take. Murfin da ya gaji yana zubar da ruwa alhali babu huji ko'ina. Gasket kuwa, wato shimfiɗar da ke tsakanin gangar inji da kansa wadda makanikai ke kira tof gasket, idan ta ƙone ta ɓangaren silinda lissafin ba ya ma kusa, domin matsin wutar silinda ya ninka na ruwan sau hamsin ko fiye, kuma daga silinda yake turowa zuwa cikin ruwa, ke nan yana korar maganin daga wurin da ake so ya zauna. Idan dalilin ƙonewar lanƙwasar kan inji ne, babu ruwan da zai miƙar da ƙarfe sai an kai shi an goge.

Akwai kuma wata al'ada da ta sa lamarin ya fi muni a ƙasar Hausa, wato ɗura wa inji ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda, bisa tunanin cewa kulan, ruwan nan mai launi, an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. Gaskiya ne sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana hana daskarewa, amma yana kuma ɗaga tafasa, kuma mafi muhimmanci yana ɗauke da magungunan hana tsatsa da cin alminiyam. Toyota ta ƙayyade wa nata mai ruwan hoda kilomita 160,000 kafin canjin farko, sannan 80,000 bayan haka, abin da ke nuna tsawon kariyar da ake zubarwa a ƙasa ranar da aka wanke lagireto aka cika shi da ruwan bokiti. Zallan ruwa yana barin gishiri a bututu, yana cin alminiyam daga ciki har ya huda shi, don haka sau da yawa hujin da aka gani ɗaya ne daga cikin da yawa da ke tafe. Zuba maganin yoyo a irin wannan injin ƙara laka ne a kan laka, kuma idan zafi ya biyo baya aka cire tamostat aka jefar, kamar yadda aka saba a gareji da dama, sai a wayi gari da gyaran gangar Auzinawa.

Gano inda ruwa ke bi bai kai yadda ake zato wahala ba. Akwai ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a gurbin murfi, a hura matsi inji yana sanyi, a zuba ido a ga inda ruwa zai tsattsafo da yadda allurar famfon ke sauka. Akwai wani shuɗin ruwa da ake sawa a bututun gilashi a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin silinda yana shiga ruwan inji. Ko babu waɗannan, farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi daga salansa bayan inji ya yi zafi, da kumfar da ke tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, duk shaidu ne da bakanike mai lura ba zai tsallake ba. Garejin da ya mallaki na'urar karanta kwamfutar mota amma ba shi da wannan famfon ya fifita ado a kan aiki.

Mafi munin amfani da maganin bai shafi injiniyanci ba, ciniki ya shafa. Motar da gasket ɗinta ta fara ƙonewa za a iya ɗura mata kwalba, a canza mata mai, ta yi lafiyar makonni, daidai lokacin da dillali ke buƙata ya sallame ta, sai mai saye ya gane abin da ya saya a kan hanyar kai iyalinsa gida hutun Sallah. Wannan algus ne tsantsa, daidai da jiƙa hatsi kafin awo, kuma babin mayar da haja saboda ɓoyayyen aibi sananne ne a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar nan. Mai sayen mota ta hannu yana da hakkin ya buɗe murfi inji yana sanyi, ya duba ƙasan murfin da cikin ɗan tankin ajiya, domin ɓarɓashi mai ƙyalli ko laka mai danƙo ba sa ɓuya.

Duk da haka maganin yana da gurbinsa, ko da yake ƙarami ne. Direban da lagiretonsa ya fara ɗigo tsakanin Agadas da Damagaram, ko da dare a hanyar da tsayuwa a cikinta ta fi mutuwar inji haɗari, da babu gara ba daɗi: ya zuba kwalba ɗaya ta kamfanin da ya rubuta sunansa da mahaɗinsa, bisa gwargwadon da aka faɗa, ya tafi sannu yana duba ruwa. Haka ma tsohuwar motar da kuɗin gyaranta ya fi kuɗinta, mai ita na iya sayen 'yan watanni da saninsa. A kowane hali ba a buɗe murfi inji yana da zafi, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tsiri ya saɓule fata, kuma ba a barin kulan a ƙasa ko a buɗaɗɗen mazubi, domin yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da awaki da kaji. Bayan isa gari sai a gyara ainihin wurin, a wanke hanyar ruwan sarai, a zuba kulan irin wanda littafin motar ya ambata, ba a bi launi ba, domin launi rini ne kawai.

Abin da ya rage yana hannun masu sana'ar. Ya kamata ƙungiyoyin makanikai, irin NATA a Nijeriya da takwarorinta a Nijar, su mayar da shi ƙa'ida cewa ba a zuba maganin yoyo a motar kowa sai an gwada matsi an nuna masa inda ruwan ke fita, an kuma nemi yardarsa, sannan a rubuta ranar da sunan abin da aka zuba a jikin bonet ta ciki, yadda ake rubuta ranar canjin mai. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma ta tilasta wa masu shigo da kwalaben su bayyana mahaɗinsu da irin injin da bai kamata a zuba su a ciki ba. Mai mota kuwa, duk ranar da bakanike ya miƙo masa kwalba, ya fara tambayar sa ta ina ruwan yake fita, kuma kada ya biya sai an nuna masa wurin da yatsa.